Zubi na Ɗari Tara da Casa'in da Takwas

Me za ka kira matar da ta kwashe shekara ashirin da ɗaya da wata goma tana kiwon ƙwarin da kowane manomi ke neman maganin kashewa? A tashar binciken noma inda ta yi aiki, Uwar Darɓa suke ce mata. Da farko tsokana ce, tana ɓata rai. Daga baya sunan ya bi ta, har masinja in ya kawo takarda da shi yake tambayar ta, ita kuma ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba.

Da wankin tukwanen shuka ta fara, tana da shekara talatin da uku da 'ya'ya huɗu. Wata safiya ta tare tsohon Farfesa, shugaban sashen ƙwari na lokacin, ta ce masa tukwanensa ɗari da ashirin ne ranar Litinin, yau kuma ɗari da goma sha bakwai ta wanke. Bai tambaye ta ina ukun suka shiga ba. Tambayarta ya yi wa ya sa ta ƙirga. Ta ce ba kowa, ita dai ba ta iya ganin abu jere ba ta san yawansa ba. Bayan mako biyu ya kira ta wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da ƙofa biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ya buɗe kwalin ashana ya nuna mata guntun ganyen tumfafiya da darɓa guda ɗaya tak a kai. Rawaya ce kamar ƙwaiduwa, ƙafafu baƙaƙe, da wasu 'yan ƙahoni biyu baƙaƙe a bayanta, duk girmanta bai kai ƙwayar riɗi ba.

"Malama," in ji shi, "wannan ce uwar gidan. Kada ki bari ta mutu ba magaji."

A tsaye ya koya mata abin da ya kamata ta sani, bai ɗauki awa guda ba. Ya ce darɓar manoma da ke lalata dawa da wake daban, wannan kuma daban, domin ta zaɓi shukar da akuya ma ke kauce wa. Tana da baki kamar allura, ya fi gashi siranta, tana soka shi cikin jijiyar ganye ta yini tana zuƙa. Dafin da ke cikin tumfafiya, wanda zai iya tsayar da zuciyar dabba, ba ya kashe ta. Tara shi take yi a jikinta, shi ya sa take yawo da rawayar riga ba ta ɓuya, tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya marmarin na biyu. Ya ce kuma ba namiji a cikinsu. Uwa ba ta yin ƙwai, 'ya take haifa da ranta, 'yar kuma tun kafin ta faɗo akwai tata 'yar da ta fara haɗuwa a cikinta. Kowace 'ya hoton uwarta ce, ba ragi ba ƙari. Amfanin kiwon ke nan: in duk darɓar da ake gwaji da ita daga uwa ɗaya ta fito, to duk bambancin da aka gani daga shuka yake, ko ruwa, ko zafi, ba daga ƙwaron ba.

Aikin da ta gada ga yadda yake. Keji uku na raga, kowanne da tukunyar tumfafiya ɗaya. Duk bayan kwana takwas, lokacin da 'ya'yan da ta saka suka yi saɓa huɗu suka fara haihuwa, sai ta ɗebi jarirai talatin daga kowace tsohuwar shuka ta mayar kan sabuwa. Wannan shi take kira zubi, kuma kowane zubi yana da lambarsa a babban littafi mai baƙin bango. Ɗaukar ma ba da garaje ake yi ba. Da ɗan burushin zane ake shafar bayan ƙwaron a hankali, a jira ta zare bakinta da kanta. In ka fizge ta, allurar ta karye a cikin ganye, za ta yi ta yawo a sabon gida har yunwa ta kashe ta. Ɗauka casa'in ke nan a kowane zubi. In ka ninka da zubi ɗari tara da casa'in da bakwai, za ka samu dubu tamanin da tara da ɗari bakwai da talatin, kuma duk da hannu ɗaya aka yi su.

Kwana takwas ba ya tafiya daidai da mako, don haka ranar zubi ba ta san Asabar ba, ba ta san hutu ba. Ranar auren babbar 'yarta ta zame daga cikin baƙi ta yi minti hamsin da biyar, ta dawo da ɗanƙon darɓa a hannun riga. Mijinta, mai gyaran agogo ne a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, shi ya tare mata masu tambaya, yana ce musu ta je duba jikokinta na wajen aiki. Haka yake kiran su. In ta dawo gida yakan ce, "Uwar Auta, yau nawa aka haifa mana? A gaya mini da wuri in san yawan ragunan da zan nema." Ita kuma ta ce masa ya fara gyara agogon falonsu tukuna, wanda ya shekara shida yana nuna ƙarfe huɗu saura kwata.

Tumfafiyar ma ita take shuka abinta daga iri, tukunya arba'in a jere bayan ɗakin, manya a gaba, ƙanana a baya. A shekara ta tara, tana datse reshe, farin ruwan nan mai kama da nono ya fantsamar mata a idon hagu. Ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta ganin komai da shi sai hazo, kuma bai koma daidai ba har yau. Zubi biyu suka faɗo cikin kwanakin, ta yi su da ido ɗaya, ɗayan a naɗe.

Ɗalibai sittin da ɗaya suka ɗebi darɓa a hannunta suka yi digiri. Takardun bincike talatin da huɗu suka fita daga ɗakin nan mai taga ɗaya. Autarta, wadda ke aiki a kantin magani, ta taɓa zama ta nemo su duka ta karanta mata wurin godiya. A goma sha biyu an gode wa "ma'aikatan ɗakin kiwo", alhali ma'aikacin ɗakin bai taɓa wuce mutum ɗaya ba. A sauran ashirin da biyun ko wannan ba a yi ba. Autar ta ce, "Mama, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Uwar ta ce ta rufe wayar ta zo ta taya ta tsince wake. Farfesa ya rasu a zubi na ɗari shida da goma sha huɗu. Bayansa an yi shugabannin sashe huɗu, ba wanda ya taɓa riƙe burushin.

Abu guda ta sa a ranta, shi ne ta kai zubi na dubu kafin ta yi ritaya. Ta lissafa ta ga zai faɗo saura wata biyar ta ajiye aiki. Ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta, amma littafin a buɗe yake, kuma shugaban sashe na yanzu, wani matashi mai saurin magana da kowa ke kira Dakta, ya leƙa ya gani. Nan take ya ga biki. Za a gayyato manyan baƙi, a buga ɗan littafi mai hotuna, a rubuta takarda ta talatin da biyar a kan ƙwaron da ya yi zubi dubu daga uwa ɗaya ba yankewa. Aka yi wa baranda fenti. Aka sallami tsohon mai lambu da ya san ba a taɓa tukwanen bayan ɗaki, aka kawo kamfanin gyaran fili da ma'aikatansu masu koren kaya.

A 'yan kwanakin da suka biyo bayan zubi na ɗari tara da casa'in da bakwai ta lura tumfafiyarta ta yi kyau fiye da kullum. Ganye fato-fato, ba huda, ba tsutsa, ko tururuwa ɗaya ba ta hawa tukwanen. Ta ji daɗi, ta ce a ranta shukar ma ta san biki na tafe.

Akwai doka ɗaya da ta kafa wa kanta tun zubi na biyar: uwa ba ta fita sai 'ya ta kama. In ta yi sabon zubi, tsohuwar tukunya da sauran darɓar da ke kai za ta zauna a gefe cikin ragarta kwana uku, sai ta tabbatar sababbin sun soka baki suna ci, sannan a kai tsohuwar ramin ƙona shara. Tsohuwar tukunya kuwa ba abin kallo ba ce. Darɓa tana fitar da wani ruwa mai zaƙi da ɗanƙo, ya zuba kan ganye, baƙin fumfuna ya rufe shi kamar an shafa kunkunniya, ga farar saɓa ko'ina kamar amosanin kai.

Ranar zubi na ɗari tara da casa'in da takwas ita aka sa wa mai hoto. Ta zo da sabon mayafi, ta sa farar rigar aiki da autarta ta goge mata. Ta gama ɗauka casa'in ƙarfe goma da rabi. Dakta ya shigo da mai hoto, ya dubi tsofaffin tukwanen nan uku ya yamutsa fuska, ya ce a fitar da wannan ƙazanta. Ta ce a bari sai gata. Ya ce ɗakin ƙarami ne, duk inda aka juya kyamara sai sun fito. Ta ce to a kai su baranda. Ya ce barandar da aka yi wa fenti shekaranjiya? Sai ya sassauta murya.

"Mama, shafi guda na ware miki a littafin nan. Hotonki, da cikakken sunanki a ƙasa. So kike jikokinki su buɗe su gan ki tsaye cikin bola?"

Ta dubi sababbin shukokin, kore shar, 'yan rawayen ɗigo talatin-talatin a kan kowace. Sau ɗari tara da casa'in da 'yan kai ta ajiye uwa kwana uku, ba ta taɓa buƙatar ta ba ko sau ɗaya. Ta ce to. Ƙarfe goma sha ɗaya aka tura su a baro zuwa rami. Mai hoto ya ɗauke ta sau ashirin da shida, yana ta ce mata ta ɗan saki fuska.

Washegari ƙarfe bakwai ta buɗe ƙofar waje, ta rufe, ta buɗe ta ciki. Lafiyayyar darɓa in ka hura mata iska, duk taron sukan girgiza bayansu lokaci ɗaya kamar masu rawa, kuma da wannan take gaishe su kowace safiya. Ta hura a kejin farko, ba abin da ya motsa. Ta duba farar takardar da take shimfiɗawa a ƙasan keji. Saba'in da ɗaya ta ƙirga a ƙasa cikin kejin uku, ƙafafu a sama. Goma sha tara suna kan ganye, sun zare baki suna tangaɗi.

Ba ta tsaya kiran kowa ba. Ta fita da gudu irin na mai shekara hamsin da biyar, ta wuce ƙofar tasha, ta karyo reshen tumfafiyar bakin hanya, ta wanke shi ganye-ganye, ta tsoma cikin kwalba, ta kwashe goma sha taran ta mayar kai. Da hantsi saura goma sha ɗaya. Da azahar saura huɗu. Ta tafi ramin shara ta yi awa guda tana tona toka da sanda, ko Allah zai sa wani ganye ya tsira. Ba ta samu komai ba sai ƙonannun saiwoyi. Ta bi ɗakunan gwaji tana tambaya ko wani ɗalibi na da ragowa. Na ƙarshe ya gama aikinsa wata guda da ya wuce, ya kuma daskarar da duk abin da ya rage a firiza, kamar yadda ita da kanta ta koya masa. Ƙarfe huɗu da minti goma ta ƙarshen ta saki ganye.

Da ta zagaya bayan ɗaki ta tona gindin tukunya da yatsa, sai ga wasu 'yan ƙwayoyi shuɗi-shuɗi a cikin ƙasa. Shugaban masu koren kaya, dattijo mai fara'a, bai ɓoye komai ba, da alfahari ma ya faɗa. Maganin ƙwari ne irin wanda ake binnewa, saiwa ta sha ta raba wa ganye, ba wari ba alama, yana wata uku yana aiki. An ce su sa wa furannin gaban ofis, shi kuma ya ga tukwanenta a baya ba mai kula da su, ya ce bari ya yi mata alheri.

"Cokali ɗaya-ɗaya, Mama. Duk arba'in ɗin, ban tsallake ko guda ba."

Me za ta ce da mutumin da ya zo yi mata kwalliya? Garin neman gira aka rasa ido, kuma da hannunta ta taimaka. Ƙwaron da ya yi kwana dubu bakwai da ɗari tara da saba'in da shida yana shan dafi safe da yamma, cokali guda ya gama da shi.

Dakta ya rufe ƙofar ofis kafin ya yi magana. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce an riga an aika da katin gayyata ɗari da arba'in, ɗan littafin bikin yana wurin bugawa. Ya ce darɓar bakin hanya ita ma mace ce zalla, rawaya ce, ƙafarta baƙa, wataƙila ma jikar jikar waccan uwar ce, tunda masu fuka-fuki kan tsere in keji ya cika. Ta je ta ɗebo, ta rubuta zubi na ɗari tara da casa'in da takwas ya kama lafiya, a ci gaba. Ya ce wa zai gane?

"Ranka ya daɗe, kama da wane ba ta wane," in ji ta. "Kuma ba wadda ta taɓa tsere mini. Ƙofa biyu gare ni."

Ya ce ta je ta yi tunani, amma kejin nan kada su kwana biyu wayam.

A gida mijinta ya ajiye zolaya. Ya ce mata shi a sana'arsa in aka kawo tsohon agogo ya canja masa ciki gaba ɗaya, mai shi yakan tafi yana murna da agogon kakansa, ba wanda ya cutu. Ta tambaye shi ko yana gaya wa mai agogon. Ya ce wani lokaci. Autar kuwa cewa ta yi ta rubuta kawai ta karɓi shafinta, shekara ashirin da biyu ba a ba ta komai ba, yanzu da za a ba ta, don me za ta tsaya wa gaskiyar da ba mai tambaya? Ta san suna da hujja, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Da safe ta yi abin da aka umarce ta. Ta tono ƙananan tumfafiya uku daga wajen shinge ta dasa a sabuwar ƙasa. Ta zaɓi uwa ɗaya mai ƙiba a bakin hanya, ta shafe ta da burushi har ta zare baki, ta kawo ta. Sannan ta buɗe littafi mai baƙin bango. A ƙarƙashin ɗari tara da casa'in da takwas ta rubuta: sun mutu duka, casa'in, maganin ƙwari a ƙasar tukwane, an ƙona uwa kafin lokaci da yardata. Ta ja layi da rula daga gefe zuwa gefe. A ƙasan layin ta sa kwanan wata, ta rubuta zubi na ɗaya, da biro, ba da fensir ba.

Sau biyu Dakta ya aiko ta gyara, sau biyu ta ce hannunta ba zai iya ba. A rana ta uku aka karɓi littafin, wai za a kai a yi masa sabon bango saboda baƙi. Bai dawo ba. Wani sabo ya zo a madadinsa, an buga shi da na'ura tsaf, lambobi suna bin juna ba layi a tsakani. A rana ta huɗu aka ba ta takardar canjin wurin aiki zuwa ma'ajiyar iri, don a hutar da idonta. Taku ɗari biyu da goma sha biyu ne daga can zuwa ɗakin mai ƙofa biyu, kuma an canja makulli.

An yi bikin a ranar da aka sa. Daga tagar ma'ajiya ta ƙirga motoci talatin da takwas da jawabi tara, ta ji tafi lokacin da aka ɗaga ƙyalle daga kan allon da aka rubuta dubu. A lissafinta darɓar da ake tafa wa tana zubi na biyu. Wani direba ya kawo mata ɗan littafin. A shafi na goma sha ɗaya akwai hoto, an yanke shi daga wuyan hannu: burushi, ganye, da yatsu uku. A ƙasa an rubuta "aikin kiwo a ɗakin gwaji".

Mutum biyu ta gaya wa abin da ya faru. Ɗaya ya ce ɗacin ritaya ne ke damun ta. Ɗayan, wanda ya yi digirinsa da darɓarta, ya ce ai Mama, darɓa darɓa ce. Ba ta nemi na uku ba. Ta cika wata biyar ɗinta tana jera buhunan iri, aka ba ta agogon bango da takardar yabo, ta tafi gida. Agogon yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado. Yanzu jikokinta na gaske take raino, su bakwai, kuma in ta bi hanyar da tumfafiya take, tsallakawa take yi ɗaya gefen. Takarda ta talatin da biyar ta fito bara, ɗalibai uku sun riga sun dogara da ita.

In kana ganin ɗan ƙwaro bai kai a ɓata da shugaba a kansa ba, ka gwada da kanka, kayan aikin ba su da yawa. Tukwane shida da tumfafiya ƙanana, yadi biyu na gidan sauro, burushi ɗaya, littafi da biro. Ɗauko uwa guda ka sa, ka ƙirga kwana takwas, ka kwashe 'ya'ya talatin, ka sake, ka sake. Kada ka nemi dubu, zubi biyar kawai nake roƙon ka, kwana talatin da biyu ke nan, ba tsallake rana ko da ana ruwa. Duk abin da ka tarar a keji da safe, shi za ka rubuta.